Laraba: kalmar da ta bi ni har dare

Tun kafin kiran sallar farko idona biyu, zafi ya hana ni komawa barci. Da na dawo daga masallaci na tarar da kati a ƙarƙashin ƙofa. Maƙwabcinmu ne, wanda mahaifiyarsa ta rasu makon jiya, yake gayyatarmu "wake-keep" yau da dare. Auta ta riga ni ɗauka, ta bi haruffan da yatsa, ta ɗago kai.

"Abba, wake za su dafa mana?"

Da gaskiyarta, a rubuce babu abin da ya raba shi da waken da muke ci da shinkafa. Na ce mata "wek" ake faɗa, kuma zaman dare ne da ake yi wa mamaci kafin a binne shi.

Kalmar ta tsaya mini a rai har wurin aiki, sai da na buɗe ƙamus lokacin hutu. "Wake up" farkawa ce, "awake" kuwa shi ne mutum yana ido biyu. "Awaken" ta fi zuwa inda ake maganar zuciya ko tunani. Abin da ya taɓa ni shi ne "watch". A tsohon Turanci tushenta ɗaya da "wake". Ashe a wurinsu tsaro da rashin barci abu guda ne, shi ya sa mai gadi ya zama "watchman", wanda ya hana idonsa barci domin wasu su runtsa. Zaman mamacin ma daga nan ya fito: dangi su kwana zaune kusa da gawa, kamar yadda mutanen ƙasar Ayalan ta Turai suka yi suna da shi. Mu da muke gaggauta jana'iza, zaman makokinmu bayan binnewa yake zuwa.

Sai "woke". Baƙar fatar Amurka sun daɗe suna gargaɗin junansu da "stay woke", wato a zauna a ankare da zalunci, kada a yi fargar jaji. Ta bazu bayan zanga-zangar da aka yi a garin Ferguson na Amurka a 2014 kan kisan wani matashi baƙar fata da ɗan sanda ya yi, ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'ana a 2017. Yanzu wasu 'yan siyasar can sun mai da ita abin gori. Wannan ya sosa mini rai, domin kalma ce da mutane suka riƙe don su tsira da rayukansu.

Bayan isha'i na leƙa. An kafa rumfa a bakin layi, fararen kujerun roba, hoton tsohuwar a kan tebur da kyandir biyu. Idanun maƙwabcina sun yi jajir. Na ce, "Sannu da rashi, Allah ya ba ku haƙuri." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ƙarfe 11 na shigo gida. Yanzu ɗaya saura, ina jiyo waƙoƙinsu ta katanga, muryar wata mata ta fi ta kowa tashi.