Folda mai suna biyu: abin da aikin kula da kwamfutocin ofis ya koya mini

Cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawo mini, babu wanda ke tayar wa mai kwamfuta hankali nan take kamar ya buɗe ma'ajiyarsa ya tarar sunayen foldodi sun rikiɗe. Wani ya ga Documents biyu a jere, wani ya ga foldar hotunansa ta koma Music, wani kuma ya ga dogon rubutu mai alamar @ da lambobi a gurbin suna. Kalmar farko da ke fita daga bakin kowa ita ce bairos, ta biyu kuma fomatin. Na sha ganin an goge kwamfuta tas, aikin shekaru ya salwanta, a kan matsalar da layi ɗaya na rubutu ya haddasa, kuma abin yana ƙona mini rai.

Tun da Microsoft ta fito da Windows 7 a 2009 aka samu abin da ake kira Libraries, guda huɗu: Documents, Music, Pictures da Videos. Da yawa suna ɗauka foldodi ne, alhali ko fayil ɗaya ba ya kwana a cikinsu. Kowanne ɗan ƙaramin fayil ne mai wutsiyar .library-ms, yana ɓoye a AppData, ɓoyayyiyar foldar da manhajoji ke ajiye saitunansu, aikinsa kawai lissafin wuraren da kaya suke, kamar littafin mai shago da ke cewa buhu kaza yana rumbu kaza. A Windows 7, Documents na Libraries yana haɗa foldar mutum ta kansa da ta jama'a wato Public Documents, shi ya sa ake ganin kamar abu ya ninku. In ka goge Library ɗin, takardunka suna nan lafiya. In kuwa ka shiga ciki ka goge folda, ta gaske ka goge. Wannan bambancin nake fara koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini. Windows na ajiye shi a cikin foldodi na musamman, kuma a cikinsa akwai layin da ya fara da LocalizedResourceName. Layin nan ne ke faɗa wa Windows sunan da zai nuna wa ido, ko da sunan foldar na asali daban ne. A foldar Documents, yana nuni zuwa cikin wani fayil na Windows mai suna shell32.dll da lamba 21770, inda kalmar take a harshen da aka saita kwamfutar. Duk wanda ya kwafi foldar, ya kwafi fayil ɗin ba tare da ya gan shi ba, sunan kuma ya bi shi duk inda ya je.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a wani ofis da aka mayar da takardun ma'aikata kan uwar garke, kowa da foldarsa mai sunansa. Da shugabar sashen ta buɗe, sai ta ga jerin foldodi daga sama har ƙasa, dukkansu Documents. Ta ce, "Malam, ina takardun mutanena? Wa ya haɗe su?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ba abin da ya ɓata." Na buɗe baƙin allon nan na cmd, na shiga wurin, na buga dir. Sai ga sunayen ma'aikatan sun jero, kowa da nasa, domin dir ba ruwansa da desktop.ini, abin da ke kan faifai yake karantowa. Ko ba ka saba da baƙin allon ba, shiga foldar ka danna sararin adireshi na sama, cikakkiyar hanyarta za ta bayyana da sunanta na gaskiya.

Gyaran ba shi da wuya. A saita Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin kwamfuta, a buɗe desktop.ini da Notepad, a cire layin ko a gyara lambarsa. Akwai kuma akasin haka: Windows ba ya kula desktop.ini sai foldar na ɗauke da alamar karantawa kawai ko ta tsarin kwamfuta. Wani lokaci kwafe kaya daga tsohuwar kwamfuta kan zubar da alamar, sai folda ta rasa hotonta da sunan da aka saba gani. Umarnin attrib +r, da ake bugawa a cmd a kan foldar, shi ke dawo da su.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta shafin Location, wanda ke cikin Properties na foldar, inda ake sauya mata mazauni. Mutum yana so ya mayar da Documents kan faifan D don C ya cika, niyya ce mai kyau, sai ya zaɓi D ɗin kansa maimakon ya buɗe sabuwar folda a ciki. Daga nan faifan gaba ɗaya ya zama Documents. Ko ya tura Pictures da Music wuri guda, su narke cikin juna, suna ɗaya ya danne ɗaya. Maɓallin Restore Default kan warware wasu. In ya ƙi, sai an shiga rajistar Windows, wato kundin da yake ajiye saitunansa, ƙarƙashin User Shell Folders, inda ake kiran Documents da Personal, a rubuta hanyar daidai. Ba na taɓa rajista sai na kwafe kayan mutum a wani faifai daban, komai gaggawarsa.

Su kuwa My Music, My Pictures da My Videos da ke fitowa cikin Documents in an buɗe ɓoyayyun fayiloli, masu hana shiga in an danna, a ƙyale su. Tun Windows Vista aka dasa su don tsofaffin manhajojin zamanin XP su gane hanya. Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye: folda mai ƙ ko ɗ ko ɓ a sunanta, in ta ratsa tsohuwar manhajar zip, takan fito da alamar tambaya ko wasu baƙin haruffa a gurbinsu. Sunan ne kawai ya gurɓata, a sake rubuta shi.

Bairos na gaske yana da tasa alamar, kuma duk mai yawo da filash a shagunan buga takardu ya san ta: foldodi su koma masu ɗan kibiya a kusurwa, filash ɗin ya nuna a cike amma ba a ganin komai. Kada a danna su, domin dannawar ce ke tayar da cutar. A fara wanke filash ɗin da manhajar kariya, sannan a buga attrib -h -r -s /s /d a kansa, foldodin da aka ɓoye su fito, a goge masu kibiyar.