Abin da ƙwallon raga ta bar mini a kafaɗa

Ranar Asabar da la'asar na tsaya a bakin filin da samarinmu ke buga ƙwallon raga a Agege, sai na hangi ɗan maƙwabcina, yaron da bai wuce shekara 17 ba, ya koma gefe ya ɓalle ƙwaya biyu daga katin magani ya kora da ruwan leda, sannan ya dafe kafaɗarsa ta dama yana murzawa. Da na kira shi na tambaye shi, sai ya ce, "Kawu, ɗan tsami ne kawai, da zarar jiki ya ɗau zafi yana sakina." Maganar nan ta hana ni barci, domin da bakina na faɗe ta fiye da shekara 20 da suka wuce.

A lokacin ni ne mai dokawa a ƙungiyarmu. Da asuba ina sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, da yamma in hau mota zuwa Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, in yi ta tsalle a gaban raga mai tsawon mita 2.43 har duhu ya shiga. Ƙwallon ba ta wuce giram 280 ba, shi ya sa ban taɓa yarda cewa abu marar nauyi irin wannan zai nakasa mutumin da ke ɗaukar buhu ba. Ashe ɓarnar tana cikin maimaici da sauri. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi marar zurfi, wanda ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki juyawa, kuma ƙananan tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu ke riƙe shi a wurinsa. Duk lokacin da mutum ya doka ƙwallo daga sama, manyan tsokokin ƙirji da na gadon baya ne ke cilla hannun, amma ƙananan nan na bayan kafaɗa su ke taka masa birki. Masu cillawa suna ta ƙara ƙarfi, masu birki suna ta gajiya. Haka abin yake ga mai ƙwallon hannu, da mai tanis, da mai ninƙaya, da mai jifan mashi.

Ina iya cewa ba laifina ba ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba wanda ya koya mana wannan. Kocinmu cewa yake namiji ba ya raki, ni kuma ina hangen shiga ƙungiyar jiha, wadda nake ganin ita ce za ta raba ni da dako, ga iyaye a gida suna jiran aike. Wa zai huta a irin wannan hali? Amma idan zan ji tsoron Allah, akwai wani dattijo cikin tsofaffin 'yan wasa da ya ce mini in ajiye hannun nan na wata guda, na ƙi, har na riƙa ganin hassada yake yi mini. Har alfahari nake yi da cewa hannuna na dama yana lanƙwasawa baya fiye da na kowa. Ban lura ba cewa abin da ya ƙaru ta baya ya ragu ta gaba, domin bayan kafaɗar ya ɗaure, har na kasa kai hannu tsakiyar bayana in cuɗa wajen wanka. Dukan da nake taƙama da shi ma ya fara raguwa, ni kuma sai na ƙara matsa wa kafaɗar, alhali kusan rabin ƙarfin irin wannan duka daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa.

Na je wurin mai ɗori sau biyu a kan targaɗe ne, na sha ƙwayoyi ba adadi. Sai da na kai ba na iya kwanciya a ɓarin dama sannan na je asibitin ƙashi na Igbobi, inda hoto ya nuna jijiyar saman kafaɗar ta yage. Yau da hannun hagu nake ɗage babbar riga, kuma idan zan sauko da kaya daga saman kanta sai na kira yaron shago.

Na yi niyyar jero wa matasa shawarwari goma, amma wa zai karanta? Yaran yanzu sun fi yarda da bidiyon minti ɗaya a waya a kan maganar wanda abin ya ci, suna ɗaga ƙarfe don ƙirji ya fito a hoto, wato suna ƙara wa ɓangaren da ya riga ya fi ƙarfi. To, ku daina shan maganin kashe zafi kafin wasa, domin zafin ne kaɗai ke sanar da ku halin da jijiyar ke ciki. Ku kwanta rigingine, ku miƙa damtse daidai da kafaɗa, ku lanƙwasa gwiwar hannu, sannan ku sauke tafin hannu wajen ƙasa ta ɓangaren ƙafafu. Idan hannun da kuke duka da shi ya tsaya nesa da inda ɗayan ya kai, ku je wurin likitan gashin ƙashi. Idan kafaɗa tana tashinku daga barci, ku bar wasan gaba ɗaya. Na ce gaba ɗaya, amma kada ku rataye hannun ku zauna, domin kafaɗar da ba ta motsi sandarewa take yi. Dukan sama za ku bari, ku nemi roba ku ɗaura a ƙofa, ku manne gwiwar hannu a haƙarƙari kuna jan robar waje a hankali. Kuma ba zan ce ku bar ƙwallon raga har abada ba, don har yau ina sonta.

Jiya na yanko tsohon tib na babur na kai wa yaron, na nuna masa yadda ake ja. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, idonsa yana kan wayarsa. Asabar mai zuwa zan koma filin, kuma idan na sake ganin katin maganin nan a hannunsa, wurin mahaifinsa zan wuce kai tsaye.