Lamba 91 da takardun Inna

Cikin watan Maris na 2013 na sauka a birnin Kansas na Amurka, ni da matata da yaronmu ɗan shekara biyu. Bizar caca ce ta kawo mu, wadda ake cikewa a intanet a zauna jiran rabo. Muna cikin ayarin ƙarshe-ƙarshe, domin ba a jima ba aka cire Najeriya daga tsarin. Takardar ta ɗauki mutum uku. Ba ta ɗauki Inna ba.

Ni ne ɗan farinta, kuma Inna irin matan dā ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira min yayanku." Ranar da za mu tafi ba ta raka mu filin jirgi ba. A bakin zaure ta tsaya, ta kama hannun matata, ta ce, "Allah ya tsare hanya, ki kula da su." Ni ko kallona ba ta yi ba, amma na ga yadda take murza bakin mayafinta.

Aikin farko da na samu a wani katafaren sito ne a gefen gari, muna lodin kwalaye daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba. Sanyi na san za a yi shi, gajiya ma na san da ita. Abin da ban shirya masa ba shi ne shiru. A Kano ba za ka tsaya mintuna biyar kusa da mutum ba ku gaisa ba, ka tambayi gida da gajiya da kasuwa. A nan sai a yi maka murmushi, a wuce. Wata da watanni ina cin abincina ni kaɗai a ƙarshen tebur.

Da kaka ta shigo sai na ga gari ya canja launi. Wata Juma'a a farkon Satumba, direban bas da mai shara da matar banki duk sun sa ja, har na tuna jajayen hulunan da na baro a Kano. Ashe ƙungiyar garin ce ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, Chiefs, za ta fara kakar wasa. Daga ranar, duk daren Litinin ɗakin hutunmu ya koma kamar majalisar mai shayi, kowa na magana a lokaci guda, ni kuwa ban gane komai ba. Na ɗauka zari-ruga ne aka ƙara masa hular kwano.

Wani dattijo baƙar fata da ke tuƙa motar ɗaga kaya shi ya fara jawo ni. Ya tara murafan kwalba a kan tebur, ya jera goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can. Ya ce masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ya nuna murfi ɗaya a baya ya ce wannan shi ne kwatabak, mai jefa ƙwallo, kan macijin ke nan. Sai ya dawo ɓangaren masu tsaro: ga ƙattin gaba da ke durƙusawa a kan layi, ga masu gudu can baya, ga waɗansu a tsakiya da ake kira lainbaka. Aikinsu ya fi na kowa rikitarwa a ganina. Kafin ƙiftawar ido sai mutum ya karanta ko gudu za a yi da ƙwallo ko jifa, ya yanke shawara ko ya tare mai gudu, ko ya ja baya ya rufe mai karɓa, ko ya faɗa wa kwatabak ya kayar da shi kafin ƙwallo ta bar hannunsa.

Ya ɗora yatsa a kan murfin da ke gefe ya ce, "Wannan ɗan'uwanka ne. Lamba 91. Tamba Hali, daga Afirka ya zo."

Na ce masa Laberiya da Najeriya akwai nisa. Ya ce in dai je in karanta labarinsa.

Na karanta a wayata cikin bas, a hanyar komawa gida da asuba. An haifi Tamba Hali a 1983 a Gbarnga, yaƙin basasar Laberiya ya same shi yana ƙaramin yaro. Suka tsallaka Kodebuwa, daga can aka kawo shi Amurka yana ɗan shekara goma wurin mahaifinsa, wanda ke koyarwa a jihar New Jersey. Mahaifiyarsa aka bar ta a baya. A makarantar sakandare ta Teaneck ya fara wasan, daga nan jami'ar Penn State ta ɗauke shi ƙarƙashin tsohon kocinta Joe Paterno. Sai ka zauna a ƙasar nan za ka gane girman wasan jami'a: filin Penn State yana cin mutum sama da 100,000, alhali a zamanin Hali yaran ba su da albashi, karatu kyauta da abinci da wurin kwana kawai ake ba su. A shekararsa ta ƙarshe, 2005, ƙungiyar ta ci wasa 11 ta faɗi ɗaya, aka zaɓe shi gwarzon masu tsaron layi na rukunin jami'o'in Big Ten, aka kuma sa shi cikin zaratan 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Akwai wani ɗan bidiyo na wasansu da jami'ar Ohio State a shekarar, inda ya zagayo ta gefe ya yi sama da kwatabak ɗinsu Troy Smith, ƙwallo ta suɓuce, wasa ya tashi 17 da 10. Na kalle shi ya fi a ƙirga.

A 2006 Chiefs suka ɗauke shi, shi ne na 20 a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa. Amma wurin da na tsaya na kasa wucewa shi ne wannan: a ƙarshen Yuli na shekarar, ana tsakiyar atisaye, yaro sabon shiga da ke neman gurbi ya bar sansani ya tafi ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. A ƙarshen Satumba mahaifiyarsa ta iso, bayan shekara goma sha biyu ba su ga juna ba. Ranar 1 ga Oktoba ta zauna a Arrowhead, filin wasan Chiefs, ta ga ɗanta yana wasa a karon farko, Chiefs suka lallasa San Francisco 41 da nema.

Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Washegari na fara tambaya, na gano abin da ba wanda ya gaya min a Kano. Mai katin zama zai iya nemo wa matarsa da 'ya'yansa takarda, amma uwa da uba sai wanda ya zama ɗan ƙasa. Kafin ka nemi zama ɗan ƙasa kuwa sai ka cika shekara biyar da katin, kana biyan haraji, ba ka da laifi, ba ka yi doguwar tafiya waje ba. Na lissafa da yatsu: 2018. Na rubuta shekarar a jikin ƙofar firji.

Shekarun nan biyar da wasan na ƙirga su. A kakar 2013, farkon zuwan koci Andy Reid, suka ci wasa tara a jere, sannan a Janairu suka je Indianapolis suna gaba da 38 da 10 aka juye musu, aka tashi 45 da 44. Daren Litinin ɗin ba wanda ya yi magana a ɗakin hutu, kuma a karon farko shirun da ni a cikinsa. Dattijon nan ya turo min kujera kusa da shi. Tun daga ranar ban sake cin abinci a ƙarshen tebur ba.

Ido na kullum yana kan 91. Da farko a kan layi yake durƙusawa, sai a 2009 ƙungiyar ta canja tsarin tsaronta aka ce ya miƙe tsaye ya koma lainbaka na gefe. Mutum mai kilo kusan 125, ya shekara uku da iya aikinsa, aka ce ya koyi ja da baya da bin masu gudu. Duk wanda ya baro digirinsa a gida ya zo yana ɗaukar kwali ya san ɗacin wannan. Shekara ɗaya bayan canjin ya kayar da kwatabak sau 14 da rabi, fiye da kowa a ɓangarensu na gasar. (Rabin yana zuwa ne in mutum biyu suka haɗu suka kayar.) Abin da ya fi burge ni a wasansa hannuwansa ne. Ƙaton da ke gabansa ya fi shi nauyi, amma sai ya kaɗe hannun nan, ya zame ƙarƙashin wancan, kamar ɗan kokawar da ya san ba ƙarfi kaɗai ke kayarwa ba. In aka tare shi sau ashirin, na ashirin da ɗaya zai dawo da zafin na farko. Shi a gefe guda, Justin Houston a ɗaya gefen, Derrick Johnson a tsakiya. Sau biyar a jere, daga 2011 zuwa 2015, ana zaɓen Hali wasan taurari.

Sau ɗaya na shiga Arrowhead, da tikitin da dattijon ya ba ni. A wurin ajiye motoci mutane sun kafa tukubar gashi tun safe, kowa na miƙo maka faranti. Na ce ba na cin alade, ba na shan giya. Wata mata ta koma motarta ta ɗauko min masara gasasshiya da ruwan kwalba, ba ta tambaye ni dalili ba. Da lokacin salla ya yi na shimfiɗa jakata tsakanin motoci biyu, dattijon ya tsaya a gabana ya juya baya har na idar.

Gwiwoyin Hali suka fara gajiya. A 2017 wasa kaɗan ya buga, a Maris na 2018 ƙungiyar ta sallame shi. Kaka goma sha biyu a riga ɗaya, ya kayar da kwatabak sau 89 da rabi, a lokacin Derrick Thomas kaɗai ke gabansa a tarihin ƙungiyar. A shekarar ce ni kuma na biya dala 725, na haddace tambayoyi 100 na tarihi da tsarin mulki, aka yi min shida na amsa shida. Da na karɓi takardar ɗan ƙasa ban tsaya hoto ba. Na cike wa Inna fom, na biya dala 535, na haɗa shaidar albashi da ke nuna zan iya riƙe ta.

Na kira ta na ce, "Inna, na tura takardunki." Ta ce, "To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Yaya yaron nan, yana zuwa islamiyya?"

Ranar Juma'a 31 ga Janairu 2020, muna jiran a sa mata ranar ganawa, gwamnati ta sanar da dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya da waɗansu ƙasashe. Ranar Lahadi, kwana biyu tsakani, Chiefs suka doke San Francisco 31 da 20 suka ɗauki kofin da suka shekara hamsin suna nema. Gari ya ɗauki ihu, ana harba wuta sama, maƙwabta na buga min ƙofa. Na fito na rungume su, don da gaske na yi murna, garina ne. Sannan na koma mota na rufe gilashi na yi kuka. Na tuna Hali ma ba ya cikin ƙungiyar a wannan dare, shekara biyu kacal tsakaninsa da kofin da ya ba da gwiwoyinsa dominsa.

Annobar korona ta biyo baya ta rufe komai. A Janairun 2021 aka janye dokar, layi ya ci gaba da tafiya a hankali. Inna ta iso a 2022, shekara tara da rabuwarmu. A filin jirgi jikanta ta fara kamawa, wanda ta sani a goye ga shi ya kusa kai kafaɗarta. Ni na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kun yi ƙiba." Hannunta dai ya daɗe a kaina.

Yanzu yaron ya shiga sakandare, kuma lainbaka yake so ya zama. Nan ne zuciyata ta rabu biyu. Wasan nan ya ba ni abokai da gari, amma na san abin da yake yi wa kai. Junior Seau, ɗaya daga cikin manyan lainbakoki, ya kashe kansa a 2012 yana da shekara 43, da aka duba ƙwaƙwalwarsa aka sami cutar da yawan karo ke jawowa. Takardar izinin iyaye ta yi sati a kan tebur ban sa hannu ba.

Daren nan yaron ya kai ƙara wurin kakarsa. Ya zauna a gefen tabarmarta da waya, yana nuna mata tsofaffin wasannin lamba 91, da Hausarsa mai karyewa. Inna ta kalli karon da ake yi ta yi salati. Sai na ba ta labarin, daga Gbarnga har zuwa ranar 1 ga Oktoba. Ta yi shiru, ta ce a mayar mata da bidiyon baya.

"Shekara nawa ka ce ba ta gan shi ba?"

"Goma sha biyu, Inna."

"Allah sarki. Ta fi ni da uku."

Ban taɓa sanin tana ƙirgawa ba. Ta miƙa wa yaron wayarsa ta ce, "Je ka ce wa babanka ya bar takardar nan zuwa gobe, zan yi istihara."