Laraba a labo, ni da kashin raƙumin dawa

Laraba, tsakiyar Afrilu, Yamai.

Ƙarfe shida da rabi na bar Bukoki don in isa labo, ɗakin gwajinmu, kafin rana ta ɗaga, amma a watan nan ko da asuba ka fito zafi na jiranka a bakin ƙofa. Da na shiga, jaka na rataye a kafaɗa, firiza na fara dubawa. Allon ya nuna 20 ƙasa da sifili. Na ce alhamdu lillahi, ashe wuta ta kwana.

Baba mai kula da labo yana zaune bakin ƙofa da 'yar butar shayinsa. Ya ce, "To, kin gaida 'ya'yanki, mu kuma sai yaushe?" Na koma na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi ƙafarsa da ke damunsa. Ya ce da sauƙi, sai dai zafi.

'Ya'yan nawa da yake faɗi kashi ne. Kashin raƙumin dawa, jere cikin 'yan kwalaben roba, kowace da lambarta, a jiƙe cikin alkol mai ƙarfin 96. Masu yi wa baƙi jagora a Kure, yankin da raƙuman suke, su ne suke tara mana shi. Aikin nasu ya fi nawa wuya: mutum zai bi dabba ɗaya da ya sani ta zanen jikinta, don babu raƙuma biyu masu zane iri ɗaya, ya ɗauki hotonta dama da hagu, sannan ya tsaya nesa yana jira har ta yi. Da ta matsa sai ya sa safar hannu ya tsinci ƙwaya kaɗan tun suna da danshi, ya rubuta wuri da lokaci. In rana ta doke su na ɗan lokaci, abin da nake nema ya lalace. Abin da nake nema kuwa ba cikin kashin yake ba, a bayansa yake: wata 'yar majina siririya da ke ɗauke da ƙwayoyin da suka saɓule daga bangon hanjin dabbar. A cikinsu ADN ɗinta yake, wato sinadarin da ke ɗauke da abin da ta gada daga uwa da uba. Jini ko ɗan yankin fata sun fi tsabta nesa ba kusa ba, amma su sai da likitan dabbobi da bindigar allura da takardu da kuɗi, kuma kwantar da raƙumin dawa da maganin barci kasada ce ga ransa. Kashi haƙuri kawai yake ci.

Da ma ni ce ya kamata in riƙa zuwa da kaina. Kure kilomita 60 ne kawai a hanyar Doso. Amma tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu, ciki har da shugaban masu jagorar, tafiyar ta zama sai da izini da shiri. Baƙi sun ɗauke ƙafa, mutanen da ke cin abinci da su suka shiga wani hali. Ɗan abin da muke biyansu na tara kashi bai kai ya kawo ba, su ma sun sani, mu ma mun sani.

Da safe na yi aikin fitar da ADN. Ana kankare bayan ƙwayar a hankali, kada a kai ga ciki, a zuba ruwan da ke fasa ƙwayoyin halitta, a bar shi a zafin 56, a wulwula a na'ura, a tace ta wani ɗan bututu mai riƙe ADN ya saki sauran tarkace, a wanke, a sake wankewa. Abin da ya rage a ƙarshe ɗigo ne fari tas, wanda ido ba ya ganin komai a cikinsa. Babban abokin gabata a nan shi ne abincin dabbar. Ganyen itatuwan ƙaya take ci, su gawo da danginsa, kuma ganyen nan cike yake da irin sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jima da shi. In ya biyo ɗigon, sai ya shaƙe aikin da ke gaba, na'ura ta gama zagayenta ba ta haifar da komai ba. Shi ya sa wankin nan ba a yi masa gaggawa.

Ƙarfe goma da rabi na ɗora PCR da waɗanda na fitar shekaranjiya. Ga wanda bai san ta ba: ADN ɗin da ke cikin ɗigon ya yi kaɗan a karanta shi, sai an ninka guntun da ake so. Na'urar tana zafafa shi zuwa 95 igiyoyin biyu su rabu, ta sauko wajen 55 alamomin da muka zuba su manne daidai gurbinsu, ta hau 72 wani sinadari mai suna Taq ya kwafi guntun. Kowane zagaye ninki biyu ne, kuma zagaye 35 ake yi. Taq ɗin nan daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa tafasa ba ta kashe shi. Abin dariyar shi ne, a hanyarsa ta zuwa Yamai kuwa dole a riƙe shi cikin ƙanƙara, kuma 'yar kwalbarsa ɗaya ta fi abin da nake kashewa a taksi wata guda.

Ana tsakiyar zagaye wuta ta tafi. Batirin da aka haɗa wa na'urar ya soma kuka, mintoci kaɗan yake iya riƙewa. Baba, da ƙafar tasa, ya riga ni isa wajen gurup. Ja na farko ya yi tari ya mutu, na biyu ya kama. Ya dawo yana share hannu da tsumma ya ce, "'Yata, koma ga aikinki." Sunansa ba zai taɓa fitowa a wata takardar bincike ba, alhali rabin abin da ke cikin firizar nan shi ya hana shi ruɓewa.

Da rana na ci dambu da kopto a rumfar bayan labo tare da abokin aikina, wanda ke bincike kan irin gero. Kawunsa manomi ne a yankin Dallol Boso, inda raƙuman ke sauka da rani saboda gawo, itacen da ke yin ganye lokacin da sauran suka bushe. Labarin kawun kullum ɗaya ne: sun ci masa wake, sun tsinke masa mangwaro, kuma ba shi da ikon ɗaga musu ko sanda. Yau sai ya juyo kaina. Ya ce, "Malama, gaya mini gaskiya. A 1996 guda 49 suka rage, yanzu sun haura 600. An ci nasara. Me kuma kike tonowa a kashinsu?"

Tambayar nan ita ce aikina gaba ɗaya, don haka na ajiye cokali.

Ƙidaya tana gaya maka yawan kawuna, ba ta gaya maka yawan kakanni. Duk 600 ɗin nan jikokin 49 ɗin can ne, kuma ba duka 49 ɗin suka haihu ba. Akwai tsofaffi, akwai 'yan ƙanana da suka mutu, kuma a cikin maza, manya kaɗan ne ke samun yawancin barbara. Lissafin da muke koya a aji yana cewa a kowace zuriya ana rasa kashi ɗaya cikin ninki biyu na yawan masu haihuwa. Ka ƙaddara masu haihuwar 25 ne: kashi 2 cikin 100 na bambancin gado ke tafiya a zuriya ɗaya. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa don garke ya yi yawa, ana dai ta kwafin abin da ya rage. Ranar da wata cuta ta shigo, ko fari ya canza musu abinci, wannan bambancin ne ke sa wasu su tsira in wasu sun faɗi.

Ya yi dariya ya ce, "Mu ma gidanmu auren zumunci ake yi tun kaka da kakanni, ga mu nan ba mu ƙare ba." Na ce haka ne, amma gidanku yana da kasuwa, yana da baƙi, wata rana wani zai auro daga Tawa ko Damagaram. Su nasu garin babu baƙo. A da suna yawo tun daga Senegal har gaɓar tafkin Chadi, yau duk duniya nan kaɗai suka rage. Maƙwabtansu mafi kusa su ne raƙuman Kordofan, waɗanda ke Waza a Kamaru da Zakuma a Chadi, kuma su reshe ne daban. An daɗe ana zaton akwai irin namu a gidajen namun daji na Turai, sai binciken ADN na 2007 ya nuna na can ɗin 'yan Kordofan ne. Wato babu wani ajiyayye a ko'ina da za a ɗebo in namu sun samu matsala.

Ba na son in zama mai kururuwar banza, don haka na gaya masa ɗaya ɓangaren ma. Binciken da aka fitar a 2022, wanda ya karanta ADN ɗinsu gaba ɗaya, ya samu bambancin gadonsu matsakaici ne, bai faɗi ƙasa warwas ba. Amma ya ga alamar barbarar dangi ta kwanan nan ta fi yawa a namu, ya kuma ce a riƙa bibiya. Bibiyar ita ce ni da kwalabena.

Kuma akwai inda amsar za ta yi aiki gobe-goben nan. A 2018 an kwashi takwas daga yankin Kure aka kai su Gadabeji, cikin jihar Maradi, tafiyar fiye da kilomita 800 a bayan babbar mota, wurin da suka ɓace kusan shekara hamsin. A 2022 aka ƙara huɗu. Garke ne sabo da aka kafa da 'yan tsiraru. In za a sake kai wasu, ido ba zai iya gaya maka cewa waɗannan matan biyu uba ɗaya suke ba. Kashi zai iya. Ya ce to kawunsa zai so a kwashe su duka a kai Gadabejin. Na ce ya isar masa da gaisuwata, kuma maganar wakensa gaskiya ce, ba ni da amsarta a labo.

Bayan azahar na zuba abin da PCR ta fitar a faranti na agaros, wani daskararren ruwa mai jera guntayen ADN bisa tsawonsu, na sa masa lantarki, na jira. A ɗakin duhu, ƙarƙashin fitilar, fiye da rabi sun fito da layinsu sarai daidai tsawon da ake tsammani. Ramin da na zuba ruwa zalla ya fito wayam, wanda shi ne abin da na fi so in gani, don yana nufin babu gurɓata. Sauran babu komai, ko wata 'yar inuwa da ba za a dogara da ita ba. Ko waɗanda suka fito ɗin ba a gama da su ba. Da ADN na kashi, sau da yawa gadon uwa ya bayyana na uba ya ɓuya, ko akasin haka, sai dabba ta yi kama da 'yar barbarar dangi alhali ba ita ba ce. Wanda ya yi gaggawa a nan zai wallafa bala'in da babu shi. Dole kowane samfuri a maimaita shi sau da dama kafin a yarda, ga Taq kuma yana ƙarewa. Wanda muka yi oda tun sanyi bai iso ba. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 komai sai ya yi dogon zagaye, abin da ke son ƙanƙara kuwa sai jirgi ko jakar wani malami mai dawowa daga taro.

La'asar Malam, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ofishinsa. Wani labo na waje, wanda ke da na'urar karanta ADN da mu ba mu da ita, ya rubuto cewa mu aika musu kwalaben yadda suke, su za su yi komai, ya fi sauri. Sun yi gaskiya, ya fi sauri. Malam ya cire tabarau ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce, "Malam, in kashin ya tafi ɗanye, aikin ya tafi, mu mun zama masu tsinta." Ya ce shi ma haka ya gani. Za mu fitar a nan, mu ninka a nan, su karanta, a yi nazarin tare, a kuma rubuta wannan a yarjejeniya kafin kwalba ɗaya ta fita. Takardun ma ba wasa ba ne: yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki a 2014, ta ce albarkatun gado na ƙasa ba sa fita sai da yardarta da rabon amfani, kuma tun 2019 raƙumin dawa yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan fitar da namun daji da sassansu tsakanin ƙasashe. Ni aka ɗora wa rubuta wasiƙar farko. Faransancin ofis ya fi PCR gajiyar da ni.

Na iso gida bayan magariba na tarar da Gwaggo da wata ƙawarta a tsakar gida. Gwaggo ta daina cewa ina aikin kashi, yanzu cewa take ina aikin ADN, kuma wannan ya jawo mini sabuwar fitina. Ƙawar ta jawo ni gefe ta rage murya, wai akwai wani yaro a danginsu da ake ta magana a kansa, ko zan iya dubawa a ɓoye. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni na raƙuman dawa kawai na iya." Ta ce ai jini jini ne. Gwaggo ta cece ni da cewa tuwo na hucewa.

Ina cin abinci saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga ɗaya daga cikin masu jagorar. Macen raƙumin dawan nan mai tabo a wuya, wadda muka daɗe muna sa ido a kan cikinta, ta haihu. Wata 15 suke ɗauka, ɗa ɗaya. Ya samu kashin uwar, na jaririn sai ya ƙara kwana, ga shi alkol ɗinsa ya ƙare kuma kwalabe uku suka rage masa. Gobe kafin labo sai na biya tasha in ba direban motar Doso kwali, in roƙe shi kada ya ɗora shi a saman mota cikin rana.