Katin waya ya tara mini taro, ƙullin yaji ya kawo mini masu saye

Akwai wani dogon littafi mai baƙin bango a durowar da nake ajiye ledoji da sitika. Duk gidanmu an san ba a taɓa shi, ko yara sun rasa takardar da za su yi jirgi da ita ba sa dosar wajen. Sunaye ne a ciki, da unguwa, da lambar waya, da adireshin imel ga mai shi. Ni yaji nake yi a nan Katsina, cikin gida, wajen Ƙofar Marusa: yajin daddawa, yajin tafarnuwa, garin ɗanwake, garin kunun gyaɗa, da kuka. In aka ce in zaɓa tsakanin littafin nan da injin niƙana, wallahi injin zan bayar.

Shekarar 2021 ce ta sa na fara shi. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, wannan bai dame ni ba don ba na ciki. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Dutsin-Ma, inda nake da masu sayen kaya duk wata. Sai kuma ranar Litinin 4 ga Oktoba, bayan la'asar, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya, ba su dawo ba sai can cikin dare. Ina da garin ɗanwake da na gama ƙullawa, mutum biyar na jira, amma uku daga cikinsu ban san sunansu na gaskiya ba balle unguwarsu. A Instagram muke magana, sunan wata ma fure ne da lambobi. Na zauna ina kashe waya ina kunnawa, ina zargin data ce ta ƙare.

A daren nan na gane cewa mabiyan da nake taƙama da su ba nawa ba ne. Rumfar aro nake ciki, mai rumfa kuma yana Amurka, ran da ya ga dama ya ja ƙofa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Waɗanda ke Funtua kuwa, mutum biyu kawai na iya kai wa kaya a watannin da babu layi, don su na san sunan maigidansu da layin gidansu, sai in ba direba a tasha ya kai.

Ƙanena yana jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a lokacin, shi ne masanin waya na gidanmu. Ya ce, "Yaya, abu mai sauƙi. Gibawe za ki yi. Ki ce za ki raba katin waya ga mutum goma, duk mai so ya cike fom." Ya haɗa mini fom a Google, kyauta ne, na sa kati na naira ɗari biyar-biyar. Cikin kwana uku sunaye suka haura ɗari huɗu. Na yi ta murna, har na kira maigida na nuna masa, ya ce Allah ya sa alheri, da irin muryar nan tasa da ba ka gane yabo ne ko jaje.

Sati ɗaya bayan rabon na tura musu tallan yajin daddawa. Amsar farko da ta shigo: "Hajiya yaushe za a sake rabon?" Ta biyu: "A taimaka da data don Allah." Da na zauna na duba sunayen da kyau, yawanci samari ne da ko tukunya ba su taɓa ɗorawa ba, wani ya shiga da layi uku da suna uku amma unguwa ɗaya da salon rubutu ɗaya. Robar yaji biyu na sayar a cikin mutum ɗari huɗun nan, ɗaya ma 'yar ajinmu ce ta sakandare da ko ba kati za ta saya. Taron tsintsiya ba shara. Ban ga laifinsu ba fa, kati na ce zan raba, masu son kati suka zo.

Hajiyarmu ce ta warware mini, ita da ko karanta saƙo a waya ba ta yi. Shekara da shekaru ta yi tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Ina ba ta labari ina ƙorafi, ta dube ni ta ce, "Ke yanzu in kin je wajen mai tsire, katin waya yake ba ki ki ɗanɗana?" Na yi shiru. Ta ce ita a zamaninta duk yarinyar da aka aiko sayen mai sai ta jefa mata ƙuli biyu gyara, kuma ƙulin nan shi ke dawo da uwar yarinyar sayen ƙuli ran Juma'a. Ba ta taɓa ba da gyaran abin da ba ta sayarwa ba.

Da watan Sha'aban na 2022 ya kama, azumi zai faɗo farkon Afrilu, na sake gwadawa. Wannan karon abu biyu na ba da. Na farko ƙullin yajin daddawa, kamar cokali uku, a 'yar leda mai sitikata da lambata. Na biyu 'yar takarda da na rubuta da kaina, jadawalin abincin buɗa-baki da sahur na kwana talatin, da yadda nake kwaɓin ɗanwake kada ya narke a tukunya, da awon kanwar da nake sawa. Ɗiyar yayata ta buga mini a kwamfuta ta mai da shi PDF. Duk matar aure ta san wahalar tambayar nan ta "yau me za a dafa" in azumi ya kai goma sha, to ciwon da na taɓa ke nan.

Sharaɗin karɓa: suna, unguwa, lambar waya, imel in akwai, sai tambaya ɗaya a ƙarshe, "Kin yarda in riƙa turo miki saƙo in akwai sabon kaya?" Ƙullin yajin kuma ba na kai wa kowa, sai dai ki zo ko ki aiko yaro. Wannan 'yar wahalar da gangan na sa ta. Wanda zai hau Napep daga Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa don cokali uku na yaji, yajin yake so. Mutum saba'in da 'yan kai suka cike, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na taron kati ba. Kafin sallah fiye da ashirin sun dawo da kuɗinsu, wasu har yau da su nake ciniki.

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya kan imel, don masu koyar da kasuwancin intanet suna maganarsa kamar kowa da shi yake kwana. A garin nan ba haka ba ne. Mata da yawa suna da Gmail ne kawai don mai shagon waya ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, saboda a samu sauke WhatsApp, ba su san kalmar sirrinsa ba, ba su taɓa leƙa shi ba. Wasu kuma na JAMB ne da aka buɗe a shagon kwamfuta aka manta. In kin tura wa irin waɗannan saƙo ta imel, kamar kin jefa wasiƙa a rijiya ne.

Amma akwai wasu 'yan kaɗan da kullum imel ɗinsu a buɗe yake saboda aiki: malaman jami'a, ma'aikatan banki, na asibiti, da Katsinawan da aure ko aiki ya kai Abuja da Legas da Ingila. Su ba sa sayen ƙaramar roba. Bokiti suke cewa a cika, ko a haɗa musu na wata uku a ba mai tafiya. Kuma su ne ba sa son a dame su a WhatsApp, wata ta taɓa ce mini wayarta ta gida ce da 'yan'uwa, talla ya bi ta imel. Shafi biyu kacal suka ci a littafina, amma rabin ribar azumi daga wajensu take fitowa. Ga wani amfanin da ban hango ba sai a 2024, da aka yi ta toshe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba: lambobi da dama a littafina suka mutu, na kira wata ma wani namiji ya ɗauka ya ce bai san ta ba. Waɗanda na riƙe imel ɗinsu ban rasa ko ɗaya ba.

Sauran jama'a ta WhatsApp nake bin su, da abin nan na tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, burodkas. Yana da ƙa'ida biyu da na sha wuya kafin na sani. Jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256, kuma duk wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Wata guda na yi ina tura saƙo ina mamakin shirun mutane. Yanzu takardar girkin ma ta burodkas nake tura ta, in ce duk wadda ba ta gani ba ta ajiye lambata ta yi mini magana. Kyautar ce ke sa su ajiye lambar, roƙo ba ya sawa.

Na yi abin kunya sau ɗaya. Saƙon imel na farko da na tura, na jera adireshin kowa a fili, kowa yana ganin na kowa. Da daddare wata malama da ta girme ni ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ƙanwata, ke na ba adireshina, ban ba mutum arba'in ba." Ita ta nuna mini gurbin da ake kira BCC, inda ake sa adireshi ba wanda ya ga na wani. Na ba ta haƙuri, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na san cewa Gmail na kowa da kowa yana da iyakar mutum 500 a rana, kuma in mutanenki sun yi yawa akwai manhajoji irin su Mailchimp da ke riƙe sunayen, su sa wa kowane saƙo wurin da mutum zai danna ya ce a daina turo masa. Ni ban kai can ba tukuna, a ƙarshen kowane saƙo nake rubutawa da hannuna: wadda ba ta so ta ce mini "a cire ni", ba fushi ba gaba.

Tun kafin a yi doka nake wannan, amma yanzu doka ce. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, akwai hukuma guda da aka ɗora wa aikin, kuma a cikin dokar mutum yana da damar janye yardarsa, ya kuma ce kada a yi masa talla da bayanansa. Jama'a ma sun gaji da saƙon da ba su nema ba, shi ya sa hukumar sadarwa ta fito da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla na kamfanonin waya. Gab da zaɓen 2023 wani yaron 'yan siyasa ya zo har zaure, ya ji an ce ina da lambobin mata, ya yi tayin kuɗin da ya fi ribar wata biyu. Na leƙo na ce masa littafin na mutane ne, ajiya aka ba ni. Da ya tafi na ɗan yi lissafin kuɗin a zuci, ba zan ɓoye ba.

Sau biyu a wata nake tura saƙo, ba na wucewa sai in azumi ko babbar sallah ta matso. Kuma ba na fara saƙo da farashi. In damina ce sai in fara da yadda ake ajiye yaji kada ya sha danshi ya dunƙule, in hunturu ne in yi maganar kunu, farashi ya biyo a ƙasa. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kaya suka tashi, barkono da citta da kuɗin niƙa da leda, maigida ya ce in daina rabon ƙullin nan. Ban daina ba, na mai da shi cokali biyu, na kuma rubuta kuɗinsa a shafin kuɗin talla, kusa da kuɗin sitika. Mutum ɗaya sau ɗaya yake karɓa, littafin ne shaida.

Duk bayan sallah nakan zauna da jan biro in bi shafukan. Wadda ta shekara ba ta saya ba, ba ta amsa ba, sai in tambaye ta sau ɗaya ko in ci gaba da turowa. In shiru, in ja layi. Bana na soke sha tara. Daga taron katin nan na 2021 saura suna biyu ban soke ba: 'yar ajinmu, da wani yaro da har yanzu duk ranar Juma'a sai ya turo mini "Juma'at Mubarak Hajiya, ba gibawe ne?" Watan jiya ya yi aure, amaryar ta aiko a ba ta yajin tafarnuwa roba ɗaya, ta ce in sa mata gyara.