Ciwon damuwata ashe daga maƙogwaro yake

Watanni kaɗan bayan haihuwar ɗana na uku, na kasa komawa kan keken ɗinkina. Atamfofin mutane sun taru a lungu, ina kallonsu, ko a jikina. Kuka ba dalili, barci ba ya isata, in aje almakashi in manta inda na aje. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in ɗauki jaririn in ba shi nono, amma zuciyata shiru.

Kowa da fassararsa. Surukata ta ce son jiki ne irin na matan yanzu. Yayata ta ja ni ɗaki ta ce, "Faɗa min gaskiya, Malam ne zai ƙara aure?" Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, na sha rubutu. Ba na raina addu'a, har gobe da ita na dogara. Amma babu wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa mace za ta lulluɓa da bargo cikin zafin Afrilu, ko me ya sa take ƙiba alhali ba ta cin abin kirki.

Wata likita ce ta tambaya, ranar da na je saboda zubar gashi. Ta ce, "Maman Abba, kina jin sanyi ko da ana zafi? Bayan gida fa, da ƙyar?" Ta taɓa wuyana, ta ce in haɗiyi yawu, sannan ta rubuta gwajin jini mai suna TSH.

A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da ake kira tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke saita saurin aikin jiki. Idan ya yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: hanji, fata, bugun zuciya, har tunani da walwala. Shi kuwa TSH da ake aunawa a gwajin, wani sinadari ne da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa don ya zaburar da tsokar, to idan ta gaza sai ya yi ta hauhawa. A mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4, nawa ya wuce nan nesa. Na ce ai ni ba ni da maƙoƙo, kuma gishiri mai aidin muke ci. Ta ce nawa ba na aidin ba ne. Wasu mata garkuwar jikinsu ce ke far wa tsokar cikin shekarar farko bayan haihuwa, kuma ba dole wuya ya kumbura ba.

Maganin, levothyroxine, 'yar ƙwaya ce, sai dai akwai sharuɗɗa. Da asuba ake sha da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini, wanda kusan duk mai jego tana da shi, sai an ba shi tazarar awa huɗu, domin yana hana jiki tsotsar ƙwayar. Shayarwa ban daina ba. Da azumi ya zo, likita ta mayar min da shi daf da kwanciya, bayan abincin buɗa-baki ya daɗe da sauka.

Abin da ban so ba shi ne jinkirin. Bayan mako shida zuwa takwas ake sake gwaji a gyara adadin, ba a gaggawa. Jin sanyi ne ya fara tafiya, sai cushewar ciki, muryata ta washe. Zuciyar ce ta zo ƙarshe, har na fara zargin ko dai yayata ce ke da gaskiya. Likita ta ce idan gwaji ya daidaita amma ƙuncin bai ɗaga ba, za ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, don wasu sai an haɗa musu da maganin damuwa. Ni dai nawa ya ɗaga a hankali.

Wasu matan tsokar kan farfaɗo su aje magani. Tawa ba ta farfaɗo ba, ina sha har yanzu. An kuma gargaɗe ni, da zarar na ga alamar ciki in garzaya asibiti, saboda mai juna biyu yawanci sai an ƙara mata adadin tun a makonnin farko.