Jikan mai ƙuli da gyada ta ƙi

Surukata ta fi shekara talatin tana matsar man gyada a cikin birnin Zariya, can wajen Ƙofar Doka. Tun daga zaure ƙamshin suyar ƙuli ke yi wa baƙo maraba. Da kuɗin mai da tunkuza ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da su ta sauke farali. A wannan zuri'a Allah ya kawo jikan da gyada ba ta zama lafiya a cikinsa, kuma ni na haife shi. Malamar kimiyyar sinadarai ce ni a wata sakandaren 'yan mata. Na faɗa ne don kada a ɗora kurakuraina a kan rashin boko.

Tun yana wata huɗu fatarsa ta fara bushewa, kumatu da bayan gwiwa su yi ja su tsattsage, in hunturu ya shigo sai susa dare da rana. Kusan kullum da yamma muna gidan Hajiya, tana ɗaukarsa da hannun da ta gama murza tunkuza. Ni kuma na taɓa karanta cewa a jinkirta ba jarirai gyada, sai na hana a ba shi kununta har ya kusa shekara biyu. Hajiya ta ce, "Ku 'yan boko kun iya ɗora wa kanku wahala," ta ƙyale ni.

Ranar da ya fara kurɓar kunun, leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu kamar an zane shi da tsumagiya. Kowa ya ce borin jini ne. Na ba shi Piriton, kafin la'asar ya baje. Karo na biyu kwaɗon zogale ne, ya yi amai sau biyu, aka ce shawara ce. A raina na riga na zargi gyada, na daina sa ta a girkina, amma ban kai shi asibiti ba, ban kuma fito fili na faɗa wa dangin mijina ba. Da wane baki zan dubi Hajiya in ce abin da ta rufa wa kanta asiri da shi guba ne ga jikanta?

Na uku a babbar salla ne, yana shekara huɗu. Samarin gidan sun yi tsire a tsakar gida, an barbaɗe shi da yajin Hajiya, wanda rabinsa garin ƙuli ne. Ta ɗora shi a cinya tana cewa, "Zo nan mai gidana, yau ni zan ciyar da kai." Ina kallo. Na san abin da ke cikin yajin nan sarai. Yayyen mijina na zaune, matansu na zaune, kunya ta ɗaure min baki. Na ce a zuciyata, ai ɗan kaɗan ne.

Bai yi minti goma ba ya fara susar harshe. Sai tari, sai muryarsa ta dushe kamar ta tsoho, sai amai. Na ɗura masa Piriton na zauna jira, kamar yadda na saba. Wannan jiran ne abin da har yau in na tuna barci ke gagarata, don na ɓata kusan minti ashirin. Sai da na ji numfashinsa na fita da shewa, jikinsa ya saki, sannan babansa ya sungume shi muka tari adaidaita. A asibiti ba a tsaya buɗe kati ba. Likitan ya dube shi, ya tambayi nauyinsa, ya zuƙi allura ya caka masa a gefen cinya ta waje. Kafin a gama ɗaura masa ruwa ya tsala kuka da muryarsa ta gaskiya.

"Malama, me kika ba shi a gida?"

"Piriton, likita."

"Piriton ƙaiƙayi yake kashewa. Ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Abin da ya samu yaronki sunansa anafilaksis, maganinsa adirenalin ne, kuma da wuri."

Suka riƙe mu kwana, domin abin kan lafa ya sake dawowa bayan wasu awoyi ko da yaro bai ƙara cin komai ba. Da Hajiya ta zo da safe aka ce mata aleji ne da shi, sai ta ce, "Wane Alhajin?" Dariyar farko ke nan da na yi tun jiya.

Daga nan na koma ɗaliba. Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai masu gane abokin gaba, kuma akwai wani jinsi a cikinsu da ake kira IgE, wanda wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano a 1966 suna aiki a Amurka. Aikinsa na asali ya shafi yaƙi da tsutsotsin ciki da makamantansu. A jikin yarona sai ya yi kuskuren ɗaukar furotin ɗin gyada a matsayin maƙiyi. Haɗuwar farko shiru take wucewa: jiki ya ƙera IgE, su je su manne a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ke jibge a fata da hanji da hanyar numfashi, kowace cike da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, da 'yan uwansa kamar buhun barkono. In furotin ɗin ya sake shigowa ya haɗa IgE biyu wuri guda, sai buhun ya fashe. Jijiyoyin jini su buɗe su fara yoyo, shi ne kumburi da faɗuwar jini. Hanyoyin iska su tsuke, shi ne shewar da na ji. Piriton ƙofar histamin kaɗai yake tarewa, ga shi yana jan lokaci kafin ya kama, ga sa barci, har uwa ta ɗauka sauƙi ne ya samu. Adirenalin kuwa yana matse jijiyoyin, ya buɗe huhu, ya ƙarfafa bugun zuciya, ya kuma rage fashewar sauran buhunan. Kalmar anafilaksis ɗin ma tun 1902 take, lokacin da Charles Richet da Paul Portier na Faransa suka ga kare ya jure dafin wata halittar teku a karon farko, amma da aka sake ba shi ɗan kaɗan bayan makonni ya mutu nan take. Sai dai likitan ya ja min kunne: ba doka ba ce kowane karo ya fi na baya tsanani, ba kuma doka ba ce mai sauƙi ya ci gaba da zuwa da sauƙi. Ba a yi masa hasashe.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne bayanin yadda aka yi ya kamu. Masana sun fi karkata ga cewa in furotin ya fara shiga ta tsagaggiyar fata, garkuwa ta fi ɗaukarsa maƙiyi. In ta baki ya fara shiga da wuri, hanji kan koya mata cewa abinci ne. Yarona ya sha gyada ta kumatu wata da watanni, ni kuma na tsare bakin.

Ɓangaren sinadaran ya fi zauna min, tunda gonata ce. Hajiya ta yi ta cewa, "Abin da ya sha wuta sau biyu, an soya gyadar an soya ƙulin, me ya rage a ciki?" Tambaya ce mai ma'ana, don a ƙwai da madara zafi na warware siffar wasu furotin, shi ya sa yara da yawa masu matsalarsu ke iya cin kek ɗin da aka gasa sosai, kuma galibinsu suna rabuwa da matsalar in sun girma. Gyada ba haka take ba. Furotin ɗinta da ya fi tayar da hankali, Ara h 2, ƙarami ne dunƙulalle, an ɗaure shi da gadojin sulfa, wuta ba ta kwance shi, ruwan narkar da abinci ma da ƙyar yake taɓa shi. Suya ma ƙara masa ƙarfi take yi. Shi kuwa ƙuli, ai gyada ce da aka cire mata mai, furotin ɗin ya ƙara taruwa. Wanda ke rabuwa da matsalar gyada bai wuce ɗaya cikin biyar ba. Man kamfani da aka tace sosai kusan babu furotin a cikinsa, amma man Hajiya mai ƙamshin nan da ake yabo, ƙamshin da gurɓin da ke kwantawa a gindin kwalba su ne shaidar cewa akwai. Da yake a kasuwarmu kowane farin mai sunansa man gyada, ba ni da hanyar tantance na awo, sai na koma manja da man waken suya mai hatimi.

An yi masa gwajin fata, aka ɗiga ruwan gyada a hannunsa aka ɗan tsira, cikin kwata ya taso kamar cizon sauro babba. Na so a gwada shi a kan kowane abinci in huta, likitan ya ƙi. Ya ce gwaji na nuna akwai IgE ne kawai, ba ya nuna lallai abincin zai cutar. Labarin abin da ya faru bayan ci shi ne gaba. An ga haka a Gana, a wani bincike da aka buga a 2013: 'yan makaranta da yawa jininsu ya nuna IgE na gyada, suna kuma cin ta lafiya lau, domin tsutsar tsargiya na ɗauke da wani sukari mai kama da wanda ke jikin furotin ɗin gyada. Da na bi son raina da na raba yaro da wake da awara da daddawa a banza, alhali duk yana cin su ba abin da ke samunsa.

Sai da na fara farautar gyada na san yadda ta mamaye tukunyar Bahaushe. Miyar taushe, fate, dambu, ɗanwake da mai da yaji, gurasa, labun kilishi, dakuwa, hallaka kwabo, ƙosai da wainar bakin titi, har ludayin da aka juya wata miya da shi aka tsoma a tamu. Maganin shafawa na kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire furotin daga hannu, sai sabulu da ruwa. Na koyi tambayar "da me aka yi?" a gidan biki da gidan suna, tambayar da a da nake ganin rashin tarbiyya ce. An yi ta yi da ni, an ce iyayi ne, wata ma ta ce in nemi tsarin baki don sammu ne. Addu'a kam ba mu fasa ba.

Allurar adirenalin ɗin nan mai kama da biro da ake dannawa a cinya, mun zaga shagunan magani daga Sabon Gari zuwa Samaru ba mu samu ba. Likitan ya rubuta mana 'yar kwalbar adirenalin mai miligiram 1 a kowane mililita, ya auna mana bisa ƙa'idar miligiram 0.01 ga kowane kilo. Yaron na kilo 16 a lokacin, ya ce mu tsaya a 0.15, ya ja layi a jikin sirinji. A kan lemu na yi ta koyo har hannuna ya daina rawa, babansa ma haka. Ƙa'idar da ya kafa mana: in aka ga dushewar murya, ko wahalar numfashi, ko jiki ya saki, ko borin jini haɗe da amai, allura tukuna, a tsokar cinya, ba a jijiya ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, amma kada a tsayar da shi ko a ce ya taka. In minti biyar ta wuce babu sauƙi a ƙara ta biyu, kuma asibiti dole ne ko ya warware. Duk lokacin da ya ƙara nauyi mukan koma a sake awo. Adirenalin ba ya shiri da zafi da haske, in ya lalace yakan koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa. Zafin watan Afrilu ya taɓa ɓata mana guda da aka manta a mota. Yanzu jaka biyu ce, ɗaya a hannuna, ɗaya a ofishin shugabar makarantarsu, wadda na zaunar na koya mata da lemuna. Kuɗin tara kuwa ba na ba shi, abincinsa daga gida yake tafiya.

Da na haifi ƙanwarsa na yi rantsuwa ko warin gyada ba za ta ji ba. Likitan ya ce in yi kaffara. A 2015 an buga sakamakon wani babban gwaji da ƙungiyar Gideon Lack ta yi a Landan a kan jarirai 640 masu ciwon fata mai tsanani ko matsalar ƙwai: waɗanda aka fara ba gyada da wuri aka ci gaba a kai a kai, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a kan waɗanda aka hana. Da ta cika wata shida ya duba fatarta, aka ba ta cokalin farko na kunu a gabansa, muka zauna awa biyu, ba abin da ya faru. Ya ce kada a ba ta ƙwayar gyada don gudun shaƙewa, kunu dai ko tunkuza da aka dama.

Ni na je na faɗa wa Hajiya da bakina cewa a kan kunun jarirai ita ce da gaskiya. Ba ta ce min komai ba, ta dai aika aka sassaƙo mata sabon turmi, ta ɗaura masa jan ƙyalle, a ciki take daka yajin mai gidanta da citta da masoro da barkono zalla. A sallar bara ina ji ta daka wa babban ɗanta tsawa don ya miƙa wa yaron tsinken tsire: "Kai, ajiye! Ka tambayi uwarsa?"

Sau uku a mako nake kai mata yarinyar ta sha kununta a can, tunda gyada ba ta shiga gidana. In ta gama, Hajiya da kanta take wanke mata baki da hannu da sabulu, ta sauya mata riga, ta miƙo min ita tana cewa, "Ungo kishiyata, ta cinye rabon mijin nawa."